Huhun Goron Baba Ɗantsoho

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ya san Baba Ɗantsoho mai goro, mai zama gindin durumin nan da faifansa da tsumman yayyafi. Haƙoransa sun yi ja jawur, bakinsa kuma bai iya rage magana ba. Ka taya masa goro da wulaƙanci, ya ce ka je ka tauna tsakuwa.

Amininsa ɗaya a duniya, Malam Kailani tela. Da ciwon ajali ya kama Kailani, ya riƙe hannun Ɗantsoho, ya nuna ɗansa ya ce, "Ga Suhaibu nan, ɗanka ne." Ɗantsoho kuwa bai taɓa haihuwa ba, sai ya ɗauki maganar da gaske. Da faifan goron nan ya yi wa yaron ɗawainiyar makaranta har ya samu aikin ofis a Kaduna.

Da ya ji an fara maganar auren Suhaibu da wata yarinya a Gyallesu, sai ya ware huhu guda na farin goro, manya zalla. Wata da watanni yana kwance shi, ya tsince mai sankara, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure. Dillalai suka yi ta naci, ya ce, "Wannan na ɗaurin auren ɗana ne, ba na sayarwa ba."

Ran wata Asabar da hantsi, Talatu mai ƙosai ta biyo da 'yar leda a hannu, alawa da cingam a ciki.

"Baba, ban gan ka wajen ɗaurin auren ba. Lafiya?"

"Wane ɗaurin aure?"

Ashe an ɗaura auren Suhaibu tun safe. Wai ango ya ce goro kayan tsofaffi ne, yana ɓata haƙori, abokan aikinsa za su zo. To, goron ka ƙi, shi tsohon fa? Ko aike bai yi masa ba. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na zaci unguwa za ta sha zagi. Amma bayan La'asar sai Ɗantsoho ya kinkimo huhun zuwa ƙofar masallaci, ya kwance, yana miƙa wa duk wanda ya fito.

"Baba, goron me ne?"

"Na Kailani ne," in ji shi. "Ku yi masa addu'a. Ku shaida na riƙe abin da ya ba ni."