Ɗalibar Da Ke Ɗaukar Hoton Kwamfuta

A ɗakin kwamfuta na jami'armu akwai wata ɗaliba da ke zaune kusa da taga. Za ta kai shekara arba'in, ga tabarau a ƙarshen hanci, ga jaka irin ta malaman firamare. Da yatsa ɗaya take bugawa, tana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Aikin kammala karatu take rubutawa, gobe ake karɓa. Duk shafin da ta gama, sai ta ɗaga wayarta, ta ja da baya kaɗan, ta ɗauki hoton fuskar kwamfutar.

Budurwar da ke gefenta ta kasa haƙuri. "Anti, ai akwai inda ake dannawa ya adana miki."

"Na danna, 'yar nan. Kin ga inda ya kai shi?"

"Yana ciki."

"Bara ma haka aka ce min, yana ciki. Har yau bai fito ba."

Ina jin wancan aikin ne ya tafi mata da shekara guda, shi ya sa bana ma take zaune cikin sa'annin 'ya'yanta.

Sai aka ɗauke wuta. Ɗaki ya ɗauki salati. Budurwar ta dafe kai, domin ita da ta san inda ake dannawa, tun safe ba ta danna ba. Anti kuwa ta gyara tabarau tana duba hotunanta.

"Sha tara," in ji ta. "Ke nawa kika ɗauka?"