Gaisuwar da Daudu Bai Yi Niyya Ba

A rugagen bayan Darini, in ana maganar tafiya, sunan Daudu ake fara kira. Tun kafin a sauke tutar Turawa yake gaban garke, sanda gicciye a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta. Dogo ne mai taurin wuya, ko wurin gaisuwa ba ya russunawa sai ta kama dole.

Bayan babban fari abin ya soma. In ya miƙe ya ɗan taka, sai ƙugu ya riƙe, cinyoyi su ɗau zafi, ƙafafu su mutu kamar na aro. In ya tsugunna ya sunkuya, sai su dawo kamar ba a yi ba. Fulako, kunyar nan ta Fulani, bai bar shi ya gaya wa kowa ba, har matarsa Fanta. Sai ya koyi dabara. Da ya ji ƙafa za ta ci amanarsa, sai ya nemi wanda ya fi kusa, ya tsugunna ya gaishe shi, ya ja gaisuwar daga iyali zuwa gajiya har ruwan bara. Mutanen Darini suka ce tsufa ya karɓi Daudu, ya koyi ladabi.

A lokacin yana rigima da Armaya'u, manomin da gonarsa ke gefen burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Kowace damina Armaya'u sai ya ɗan ƙara kunyar noma cikin burtalin, har ta kai shanu ba sa wucewa sai ɗaya bayan ɗaya. Daudu ne ya kai ƙara wurin mai gari da yawun rugage, an kuma sa rana.

Ran kasuwar Batsari, a tsakiyar jama'a, ƙafafun suka mutu masa. Ya duba gabansa, ba kowa sai Armaya'u. Ko dai ya tsugunna ko ya faɗi. Ya tsugunna.

Armaya'u ya washe baki, ya dafa kafaɗarsa. "Haba Daudu, tashi mana. Ai komai ya wuce. Na yafe, Allah ya yafe mu baki ɗaya."

Labari ya riga shi isa gida: Daudu ya ba da haƙuri a gaban kasuwa. Mai gari ya ce tunda sun sasanta, magana ta mutu. Da ruwa ya sauka Armaya'u ya shuke burtalin kaf, makiyaya suka koma yin dogon zagaye, shanu na isa ruwa a galabaice. 'Yan'uwa suka rage zuwa rugarsa. Baƙin ciki ya ci Daudu sosai. In ya yi shiru burtali ya tafi, in ya buɗe baki kuwa kowa ya san mai jan garke ba ya iya tsayuwa.

Fanta ce ta fasa ƙwan. "Malam, ni ban auri mai ladabi ba," in ji ta. "Jiya na ga ka tsugunna wa kututture."

Dole ya gaya mata gaskiya. Aka yi ƙaho, aka yi sakiya, aka sha saiwoyi, shiru. Daga ƙarshe ta sa shi gaba suka hau motar Katsina. Likita ya duba shi, ya sa aka ɗauki hoton bayansa, sannan ya ce a cikin ƙashin baya akwai hanyar da jijiyoyi ke bi zuwa ƙafafu, tasa ta tsuke saboda shekaru. Miƙewa na ƙara matse ta, sunkuyawa na ɗan buɗe ta.

"Burtali ke nan," in ji Daudu a hankali.

Likita ya ce ana yin aiki a buɗe hanyar in abin ya tsananta, amma a fara da magani, da kwanciya rigingine ana jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. Ya ce Daudu ya sauke sandar nan daga kafaɗa ya riƙa dogara ta, ya kuma nemi keke, don mai keke a sunkuye yake tafiya.

Keken ya yi masa rana, har garin Tsaskiya yakan kai ba hutu. Amma keke bai buɗe burtali ba. Ranar da ya ga wata tsohuwar saniyarsa ta kwanta a hanyar zagaye ta kasa tashi, sai ya wuce ƙofar mai gari. Ya faɗi komai a gaban dattawa.

Armaya'u ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya zo bisa keke ne maras ƙafa?"

Daudu ya jingine sanda, ya miƙe tsaye ƙyam a tsakar fili, ya juya wa kowa baya don kada a sake cewa gaisuwa ce. Aka zuba masa ido har cinyoyinsa suka fara rawa, gumi ya jiƙa rigarsa, ya sulale ya tsugunna a gaban katanga.

Bayan kaka aka mayar da burtali, shanu suka koma hanyarsu. Daudu ya ƙara shekaru yana bin su a keke. Sai dai tun daga ranar, in ya tsugunna a hanya ba mai amsa masa da "lafiya lau". Mutane sukan kawar da kai su ce, "Sannu, Daudu."