Baba da kan jirgin da bai bari ya mutu ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Isyaku. Mutanen unguwarmu ta University Heights da ke Bronx sun san shi da tuƙa motar ofishin jakadanci. Kaɗan ne suka san cewa aikinsa na farko a duniya zuba kwal ne a cikin kan jirgin ƙasa mai tururi, a Zariya, tun kafin na dizal su kore su.

Wata Lahadi ya kai baƙin ofis yawo bayan gari, can arewa da birni, sai ya ji jiniya. Da ya sauke su, ya bi sautin har wani gidan tarihi inda ake tayar da tsofaffin injuna mutane su gani suna aiki. A nan ya tarar da wani ɗan ƙaramin kan jirgi baƙi, wanda a da yake jan duwatsu a wurin fasa dutse. Ya dawo gida da baƙin mai a hannun rigarsa, yana ta murmushi. Tun daga ranar, Asabar ɗinsa ta zama ta jirgi.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Umma ta gaji da wankin kayan kwal. A masallacinmu na Concourse Village kuwa, amininsa Alhaji Baba, mutumin Kumasi mai kantin kayan abinci, ya samu abin tsokana.

"Alhaji, ka tsallako teku don ka koma shebur? Kuma kyauta?"

"Kai dai ka zo ka gani," in ji mahaifina. Bai taɓa ƙara komai a kan haka ba.

Ana nan sai masu duba lafiyar injin suka ce tukunyar tururinsa ta lalace, ba a sake hura mata wuta ba sai an canja bututun cikinta. Shugabannin gidan suka fara maganar a yi masa fenti a ajiye a rumfa, yara su riƙa ɗaukar hoto. Mahaifina ya tashi a taron ya ce injin da ba ya numfashi gawa ne, shi kuma ya riga ya ga gawawwakinsu a Zariya, ciyawa ta fito ta cikinsu. Wasu dattawa suka mara masa baya, aka ba su dama su gwada.

A cikin wannan aikin ne zuciyarsa ta fara ba shi matsala. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da likita yake nufi da ya ce ya daina ɗaukar nauyi. Na same shi a falo na ce, "Baba, don Allah ka haƙura da wurin nan."

Ya ce, "Hadiza, shebur zan ajiye. Bakina ai lafiyarsa lau."

Haka aka yi. Aka sa masa kujera kusa da injin, cikin rumfar nan mai sanyi, yana nuna wa masu ƙarfi abin da za su yi. Wadda ta fi manne masa ita ce Linda, wata mata da ta yi ritaya daga tuƙa motar 'yan makaranta.

Ranar da aka sake hura wuta, mota guda muka cika daga Bronx. Mahaifina aka miƙa wa ashana. Da tururi ya taru, ƙafafun suka motsa, sai na ga Alhaji Baba ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Ashe aiki kake yi," ya ce.

Damina ɗaya mahaifina ya ƙara bayan wannan, Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Motocin da ke wucewa ta ƙofar gidanmu wasu ko ƙara ba su yi, na san zai ce ba su da ladabi, ba sa sallama. Zai yi gunaguni a kan masu ƙorafin hayaƙi, sannan ya zauna ya saurare su, don shi ma ya san abin da kwal ya yi wa ƙirjin abokan aikinsa. Jikokinsa da yake yi wa Hausa suna mayar masa da Turanci, yanzu su ke roƙona in kai su wurin jirgin Kaka.

Bai bar gida a Zariya ba, bai bar sarauta ba. Amma bara na hau kan jirgin nan karo na farko. Linda ce ke tuƙi yanzu. Ta miƙo mini shebur, na ɗebi kwal na watsa da ƙarfi, ya taru wuri guda ya danne wutar. Ta dafa hannuna.

"A hankali," ta ce, da Hausa.

Na tsaya ina kallonta. Ta yi dariya ta bayyana mini da Turanci cewa duk wanda ya koyi aiki a rumfar nan da wannan kalmar ake koya masa, har waɗanda suka zo bayan rasuwarsa. Yawancinsu sun ɗauka sunan wata dabara ce ta zuba kwal.

Ban gyara musu ba. Na sake cika shebur, na baza shi sannu har kusurwoyi, wutar ta tashi. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.