Tawul ɗin Anacleto

Ermelinda Ximenes shekararta hamsin da huɗu, ita ce shugabar masu tsinka a wata gonar mangwaro da ke bayan garin Katherine. 'Yar Baucau ce ta ƙasar Timor, amma ta daɗe a arewacin Ostareliya. Duk shekara ita ke komawa gida ta zaɓo ma'aikata, yawancinsu dangi da maƙwabta.

A farkon kakar bana aka shiga matsala. Mangwaro zai bar gona sumul, ya isa kasuwar Melbourne da baƙin tabo kamar an ɗiga masa baƙin mai. Dillali ya ce in aka ƙara kawo masa irinsa, ya bar sayen na gonar. Mai gona, Rodney Pascoe, bai ɓoye wa Ermelinda ba: in dillali ya tafi, ba zai kira mutanenta baɗi ba.

Da farko Ermelinda ta zargi direban da ke kai kayan. Ta hau tirela ta bi kayan har Melbourne, tana duba sanyin motar duk inda aka tsaya. Sanyi daidai yake. Da aka buɗe kwalaye, ga tabo nan.

Da ta dawo sai ta shiga gona, ta tsaya a gindin bishiya tana kallo. Kowa ya san ruwan da ke tsartowa in an tsinke mangwaro yana ƙona bawo, shi ya sa ake jefa shi cikin ruwan wanki nan take. Amma ta ga Anacleto, ɗan wan babanta, yana fara goge kowanne da tawul ɗin wuyansa. Haka ake yi a kasuwar Baucau, ba a miƙa wa mai saye abu da ƙura. Sauran duk sun kwaikwaye shi. Tawul ɗin kuwa ya sha ruwan nan mai ƙona bawo har ya yi tauri.

"Yaya, wannan tsumman naka ne zai kore mu."

"Ke Linda," in ji Anacleto, "ina goge mangwaro tun kina yawo ba ɗankwali. Dubi yadda yake ƙyalli!"

"Yau yake ƙyalli. Ka taɓa ganinsa bayan kwana huɗu?"

"Wane mangwaro ne zai kwana huɗu a hannuna?"

Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta sa ya cika kwali biyu da hannunsa, ɗaya gogagge, ɗaya ba gogewa, ta ajiye su a ɗakin sanyi, ta ba shi makulli ya riƙe. Ranar da suka buɗe, gogaggen ya yi dabbare-dabbare, ɗayan kuwa tsaf. Anacleto ya daɗe yana jujjuya guda a hannu.

"To gumin fa, ranki ya daɗe? Da me zan share?"

"Da hularka."

Shi da kansa ya bi layi yana karɓe tawul, yana yi wa masu gardama faɗa kamar shi ya gano abin.

Tirelar da ta biyo baya ta isa lafiya. Dillali bai yaba ba, ya dai ce a turo wata. Rodney ya ce zancen baɗi sai an ga ƙarshen kaka.

Jiya da safe Ermelinda ta cire kwali ɗaya daga kayan da za su tafi, ta kai shi ɗakin sanyi don ta duba shi bayan kwana huɗu, ta koma gona.