Sunan Kiɗan Baba Nomau

Har gobe ban manta da ranar da kalma guda ta kai ni Tibiri a bayan kabu-kabu ba. Lokacin ina aikin tace rubutu a wani ƙaramin shafin intanet mai sharhin waƙoƙi a nan Maraɗi, wato ni ke duba aikin marubuci kafin a sake shi. Ƙa'idarmu ba ta da yawa: sunan mawaƙi a farko, sunan waƙa cikin alamar zance, sannan a ƙarƙashin kanu a faɗi nau'in kiɗan, na zamani ne, ko bege, ko gargajiya.

Bayan girbin hatsi, Zainabu, marubuciyarmu 'yar Jiratawa, ta kawo sharhi a kan wani tsoho mai garaya, Baba Nomau. A gurbin nau'i ta rubuta "kiɗan bori". Shef ɗinmu, wato shugaban shafin, Malam Isuhu, ya daɗe tsaye yana kallon kalmar.

Ya ce, "Madam Rabi, mai da shi gargajiya. Kin san bakin mutane a intanet. Tsohon nan yana da ɗiya a Sabon Gari, kuma mijinta liman ne."

Ba tsoro ne ya sa shi faɗin haka ba, tausayi ne. Ita kuwa Zainabu ta ce in an taɓa kalmar a cire sunanta. Sai na ce ai mai kiɗan yana raye, Tibiri kuma ba nisa.

Na tarar da shi gindin gawo yana ɗaure tsirkiya. Bayan gaisuwa na yi masa bayani.

Ya ce, "Ɗiyata, mi ake nuhi da gargajiya?"

"Duk abin da aka gada, Baba."

"To, ai kalangu ma gado ne. Ni ba shi nike kaɗawa ba. Da wannan garaya ubana ya kira iskoki, da ita nike kiransu. In kun ce gargajiya, mai ji zai zaci kiɗan buki ne."

Ban ɓoye masa ba, na ce za a zage shi, zagin kuma zai iya isa gidan ɗiyarsa. Ya ƙarasa ɗaurin tsirkiyar. Can ya ce, "Da garayar ga na ciyar da ita. Ba ni hana ta jin kunyata. Amma ku, kada ku taya ta."

Muka saki sharhin yadda Zainabu ta rubuta. Zagi ya zo kamar yadda Malam Isuhu ya hango. Ni ke share ashar, ina barin maganar wanda ya ƙi yarda cikin ladabi.

Cikin satin sai ga wata mata a buro, wato ofishinmu, ta ce ita ce Hassu, ɗiyar tsohon. Ta nemi a sauke rubutun, domin makwabta sun fara nuna ta. Na ba ta kujera, na faɗa mata abin da mahaifinta ya ce, ban rage komai ba.

Ta ce, "Haka ya ce?"

Ta karɓi wayata ta karanta tun daga kanu har ƙasa. Da ta miƙe ba ta sake zancen saukewa ba. Sai da ta kai ƙofa ta juyo.

"A baiti na biyu na waƙarsa da kuka kawo, kun rubuta ruwa. Rawa yake cewa. Ku gyara."

Na gyara tana tsaye.

Daga ranar Malam Isuhu ya ƙara layi guda a ƙa'idarmu: a tambayi mai kiɗa abin da yake kiran kiɗansa. Ku sababbin shiga aikin tace rubutu, ku kula da wannan. Gurbin nau'i ɗan ƙarami ne, amma mutum guda muke sawa a ciki, da shi da iyalinsa.