Kututturen da Na Zare

A lokacin da wannan abu ya faru ni makanike ne mai ji da kansa, ina da gareji a wani fili kusa da Ƙofar Taramniya a Sakkwato. Hannuna na da sauri, bakina ya fi hannun sauri, kuma babu abin da nake so kamar a ce manyan mutane sun san sunana. Garejin namu ne mu biyu, ni da wani aminina da muka yi koyo a hannun maigida ɗaya. Ya girme ni da shekara huɗu, shi ya sa nake ce masa Yaya duk da ba mu haɗa jini ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi nawa ba, domin kunyar da nake ɗauke da ita ta ishe ni.

Yayan nan nawa yana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi wa dariya. Yana da wani kututturen kirya, baƙi wuluk saboda baƙin mai, wanda ya fi wasu 'ya'yanmu shekaru. Ko ƙaramar mota aka ɗaga da jak, ba zai sa kansa a ƙarƙashinta ba sai ya tura kututturen nan ya tokare ta. Kullum faɗi yake jak aikinsa ɗagawa ne, ba riƙewa ba, kuma ƙasar garejinmu rairayi ce, ba ta da amana. Ni kuwa sai in ce masa tsoro ne kawai, in tambaye shi ko kututturen zai aura ya huta. Ba ya fushi. Murmushi yake yi ya ci gaba da aikinsa, ni kuma in shige ƙarƙashin mota a kan jak tsura, in fito lafiya, in ƙara jin cewa na fi shi.

Wata ranar Laraba da tsakar rana, ana zafin nan na bazara da ko sifana ba a iya riƙewa da hannu, aka kawo mana wata motar kaya ƙirar kanta daga kara, maƙare da shanu, sifirin baya ya karye. Motar wani babban Alhaji ce, dillalin shanu mai motoci da yawa, wanda na daɗe ina kwaɗayin ya mai da gyaransa wurinmu. Yaya ya ce a sauke dabbobin tukuna, mota mai rai a cikinta ba a ɗaga ta. Direba ya ce babu inda za a sauke su, kuma tafiyar kudu ce a gabansa. Na goyi bayan direba, har na yi wa Yaya tsawa a gaban mutane cewa kada ya kore mana arziki. Ya dube ni, ya je ya ɗauko jak. Muka ɗaga gefe ɗaya, ya mirgino kututturensa ya tura ƙarƙashin ƙarfen jikin motar, da ɗan tazara kaɗan tsakaninsu, sannan ya kwanta ya shige da guduma.

Ana haka sai ga Alhajin da kansa ya iso cikin farar shadda. Na ruɗe. Bencinmu guda ɗaya ya karye tun makon da ya wuce, babu kujera, babu tabarma mai tsabta, kuma a garin nan ba a barin babban mutum a tsaye a wurinka. Na waiga dama da hagu, idona ya sauka a kan kututturen. Nauyi bai hau kansa ba tukuna, jak ne ke riƙe da komai. Na ce a raina minti nawa ne, ai jak ɗin sabo ne. Na janye shi a hankali, Yaya na can ciki yana bugun ƙarfe bai ji ba, sauran mutane kuma sun tafi tarbar Alhaji. Na kai shi gindin darbejiya, na shimfiɗa masa kwali, na ce Alhaji ya zauna ya huta. Har godiya ya yi mini, ni kuma na ji daɗi.

Ban san abin da ya tsorata shanun ba. Wani bijimi ya zabura, sauran suka ruɗu suka koma gefe ɗaya, motar ta yi girgiza, gindin jak ya nutse cikin rairayi ya goce. Ƙarar da na ji ba ta fita daga kunnena ba har yau. Kafin mu samo wani jak mu ɗaga, motar ta daɗe a kan ƙugunsa. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Wannan ba shi ne mafi munin abin da na yi ba. Da ya farfaɗo a asibiti bayan kwanaki, abu na farko da ya faɗa shi ne ya sa kututture, ya tabbata ya sa. 'Yan dubiya suka ce masa ai an ga kututturen a gindin bishiya, zafin ciwo ne ya rikita masa tunani. Ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni ko gaskiya ne, domin a duniya ni ya fi yarda da maganata. Na sunkuyar da kai na ce masa ƙaddara ce, kowa na iya mantuwa. Daga ranar bai sake musu ba. Ya ɗora laifin a kansa, ni kuma mutane suka riƙa yabona saboda ina kai masa cefane ina tura kekensa zuwa masallaci ranar Juma'a. Wallahi duk yabon da aka yi mini ji nake kamar an watsa mini ruwan batir. Motocin Alhajin kuwa da na yi wannan rawar kai dominsu, ko ɗaya ba ta sake zuwa ba, an ce garejinmu babu sa'a.

Yanzu shekara shida ke nan. Yana zaune a ƙofar gidansa a Ƙofar Dundaye, kuma duk makaniken da ya zo gaishe shi sai ya ja masa kunne, ya ce su dube shi, shekara ashirin yana kiyayewa, rana ɗaya ya manta. Ina zaune a gefensa yake faɗin haka, ni kuma ina gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Na ƙi jinin kaina a irin wannan lokaci, amma na tashi na tafi gida sau ba adadi ban buɗe baki ba.

'Yan'uwana masu sana'a, ku ji daga bakin wanda ya yi. Kada ku shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, kada ku ɗaga ta a kan rairayi ba tare da faffaɗan katako a gindin jak ba, kada ku ɗaga ta da dabbobi a ciki ko wane ne mai ita. Abin da wani ya tokare mota da shi kuma, kada hannunku ya taɓa shi sai mutumin ya fito ya tsaya da ƙafafunsa, ko da gwamna ne zai tsaya a rana. Idan kuma kun yi kuskure, ku faɗa a ranar, domin kowace shekara ƙara nauyi yake.

Yaya bai yi boko ba, amma babbar 'yarsa tana karanta masa wannan mujalla duk fitowa, shi ya sa na zaɓe ta. Idan an iso nan, Yaya, ka sa kututturenka. Ba ka manta ba. Ni na zare shi.