Ƙawata Ta Cikin Kwamfuta

A damunar shekarar da farar hula suka fara miƙa wa farar hula mulki, wata Asabar da hantsi, Baba ya shigo gidanmu na Mandawari da kwalaye a baro, ana ta yayyafi. Ni ina da shekara goma sha uku, ina tsugune bakin rijiya ina wanke-wanke, ƙanwata Hassana tana tara ruwan indararo a bokiti. Kwamfuta ce ya sayo don harkarsa ta atamfa da mutanen waje. Ya taho da wani mai gyara ya haɗa ta a ƙaramin ɗakin da ke kusa da soro, ya saka lambar sirri, ya saka manhajar da ke toshe shafukan banza. Baba ya sa shi ya gwada a gabansa har ya gamsu. "An kulle ta ciki da waje," in ji shi, ya ce in an kawo wuta zan iya yin aikin makaranta.

Umma ta fito daga madafi. Ta tsaya daga bakin ƙofa da ludayi a hannu tana hararar abin kamar an kawo mata ɗan haya. Ita mace ce mai zargi tun asali. Mai tallan manja sai ta ɗanɗana, mai awon gero sai ta sake aunawa, ƙawar da muka kawo gida kuwa sai ta ji sunan kakanta. Da yamma na ji tana ce wa Baba, "Kun kulle, to, mutanen da ke ciki fa, wa ya san gidan ubansu?" Ya yi dariya ya tafi masallaci.

Ni ce 'yar fari, kuma Umma irin matan nan ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunana, ba ta zama kusa da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye in ba faɗa ba. In tana so in tsince shinkafa ko in tankaɗe gari, sai ta ce wa Hassana, "Gaya wa waccan," ko da ina zaune a gabanta. Kitsona ma maƙwabciya ce ke yi. Na saba, amma ba zan ce abin bai dame ni ba. Ina ganin Hassana kwance a cinyarta ana tsefe mata kai, ni ina gefe ina carafke ni kaɗai.

A wani shafin hira na ɗalibai, wanda manhajar Baba ba ta ga laifinsa ba, na haɗu da Zainab. Ta ce sa'ata ce, a cikin gari take. Kullum sai ta fara da sunana, Bilkisu, kuma komai na faɗa sai ta ce ita ma haka. Na ba ta labarin makarantarmu da bishiyar darbejiyar da muke gaɗa a ƙarƙashinta, da malamin lissafi mai dukan tafin hannu. Ita kuwa tambaya ce da ita. Yaushe Baba ke fita kasuwa, ta wane lungu nake bi zuwa islamiyya, wa ke rako ni. Ban ga komai a ciki ba, daɗi ma nake ji an samu mai son jin labarina. Umma dai ta tsiri shara a ƙofar ɗakin nan, wurin da ba ya tara ko ƙura. Ba ta iya Turanci ba, fuskata take karantawa.

Wata rana Zainab ta ce ana walimar saukarta ranar Alhamis. In tsaya a Ƙofar Na'isa bayan la'asar, yayanta zai zo ya ɗauke ni a mota. Ta ƙara da cewa kada in gaya wa manya, don su ba sa gane irin ƙawancenmu. Wannan ne kawai na kasa, domin a gidanmu ko gidan maƙwabta ba a shiga sai da izini. Ranar Alhamis ɗin na goge atamfata ta Sallah, na aiki Hassana ta gaya wa Umma zan je walimar ƙawata. Ta dawo ta ce wai 'yar wane gida ce. Na ce a cikin gari take. Ta koma, ta dawo, wai wace unguwa, wa ya haife ta, a wace makaranta ta yi saukar. Hassana ta yi ta safa da marwa tsakanin madafi da ɗakin har ta fara ƙunƙuni. Daga ƙarshe na ce ta je ta gaya mata ban sani ba, a kwamfuta muka haɗu, yayanta ne zai ɗauke ni.

Hassana ba ta dawo ba. Umma ce ta ɗaga labule, hannunta duk garin tuwo. Ta shigo ta zauna a kan tabarma dab da ni, har ina jin ƙamshin hayaƙi a zanenta.

"Bilkisu," ta ce. Ta furta sunan kamar ya yi mata nauyi a baki. Ban taɓa jin sa daga gare ta ba, sai kawai hawaye ya zubo mini. Ba ta daka mini tsawa ba. Ta ce in karanta mata hirar tun daga farko, in fassara, kada in tsallake. Da na zo kan tambayar lungun islamiyya, ta kama hannuna ta riƙe gam. "Rubuta mata," in ji ta, "ki ce uwarki za ta rako ki, tana so ta gaisa da tata uwar."

Na rubuta. Zainab da ke amsawa kafin in ɗauke yatsa ta yi shiru. Muka zauna muna kallon allon har aka kira la'asar, har rana ta yi sanyi, tuwo ya kama a tukunya Umma ba ta motsa ba. Washegari na duba, babu sunan Zainab a shafin gaba ɗaya. Baba ya so a kira mai gyara ya ƙara makulli. Umma ta ce a ƙara, amma a fito da kwamfutar rumfa, inda take tsintar wake. Daga ranar duk wanda na yi hira da shi sai ta ji ko wane ne, kuma da bakinta take tambayata. Dangi sun yi ta tsegumi wai ta zubar da kunya, ta bar su da abinsu.

Yanzu tawa 'yar farin tana da waya a hannu, abin da ko labule ba ya tare shi. Na saka mata duk makullan da ake sakawa, na ƙayyade mata lokaci, kuma ban yarda da ko ɗaya ba, zargin Umma na gada kaf. Da yamma nakan zauna kusa da ita in ce ta nuna mini ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, tana tura baki. A irin lokacin nake kewar Umma, Allah Ya jiƙanta, in tuna ban taɓa yi mata godiya ba don ni ma kunyarta nake ji. Har yau ban san wanda ya jira ni a Ƙofar Na'isa ba, kuma ita ce ta sa ban sani ba.